Zumunta a Ƙafa Take, To Wanda Ba Shi da Ƙafa Fa?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Komai kusancin jini, in ba a taka an je ba, dangantaka bushewa take yi. Na daɗe ina juya wannan karin magana a raina, har wata tambaya ta taso mini: to wanda ba a ba shi ƙafa ba fa, da me zai yi zumunci? Itace yana nan inda ya tsira har ranar da zai faɗi. Ɗan'uwansa na iya zama taku ashirin daga gare shi, amma ba za su taɓa gaisawa ba. Ga shi kuma da yawa daga cikin masu fure ba sa samun ƴaƴa sai garin furen wani ya isa cikin furen wani, ɗan garin nan rawaya da muke gani maƙale a ƙafar kudan zuma. Saboda haka aka ba su ƴan aike: iska, kudan zuma, tsuntsu, jemage da ƙwarin dare. Wannan aike shi ake kira barbara, kalmar da makiyayi ya sani tun a garkensa.

Abin da nake so mu duba tare, mai karatu, shi ne: idan ɗan aiken ya mutu, wanda yake aikensa kuma yana nan da rai, me ya saura? In kuma mutum ya karɓi aiken a hannunsa, za mu ce ya ceci wannan halitta ne, ko jana'izarta kawai ya jinkirta? Akwai wani tsiro a can nesa da mu wanda labarinsa ya ajiye wannan tambaya a fili, ba tare da wani ya ƙirƙira ta ba.

A tsakiyar tekun Pasifik akwai jerin tsibiran Hawayi, jiha ta 50 a Amurka, fiye da kilomita 3,000 daga gaɓar babbar ƙasar. A biyu daga cikinsu, Kawa'i da Ni'ihau, nan kaɗai a duniya aka san wani tsiro da mutanen wurin ke kira alula yana fitowa da kansa. Masana sun yi masa rajista a 1867 da sunan Brighamia insignis, don girmama William Brigham, wanda daga baya ya zama shugaban farko na gidan tarihin Bishop da ke Honolulu. In ba ya fure, ba shi da kyan da zai tsayar da mai wucewa. Kara ne ɗaya tilo, mai kauri daga gindi yana sirancewa zuwa sama, da tarin ganye masu sheƙi a ka, kamar an kafa taɓarya an ɗora mata kabeji. Yawanci tsayinsa mita ɗaya ne zuwa biyu. Mazauninsa tsagar duwatsun bakin teku, musamman gaɓar da ake kira Na Pali, inda dutse ke miƙewa tsaye ɗaruruwan mitoci daga ruwa, iska mai gishiri tana dukansa dare da rana. Kaurin gindin nan rumbun ruwa ne don lokacin fari, dabarar da kuka take yi a wajenmu.

Wajen Satumba zuwa Nuwamba yake fure. Furen rawaya ne mai haske, mai ƙamshi, da baki mai kunnuwa biyar, da dogon maƙogwaro siriri kamar na kakaki, santimita 7 zuwa 14. Ruwan zaƙin yana can ƙasan maƙogwaron, inda gajeren harshen kudan zuma ba zai kai ba. Wanda ya san furanni, in ya ga launin da ake iya hangowa cikin duhu, ya ji ƙamshi, ya auna zurfin maƙogwaro, zai ce wannan shimfiɗa baƙon dare aka yi wa: babban faɗa-wuta, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, mai dogon harshe da yake naɗewa kamar gammo in ba ya sha, mai iya tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike a gaban fure. Yana zura harshe gari ya shafe shi, ya tashi ya kai wa fure na gaba. Shi ya samu abin sha, tsiro ya samu ƴaƴa.

Wannan karatun siffar fure ba shaci-faɗi ba ne, an taɓa gwada shi ya ci. A 1862 aka kai wa Charles Darwin wani fure daga Madagaska, fari, mai maƙogwaro da ya kai kusan santimita 30. Da ya auna shi sai ya ce lalle a dazukan tsibirin akwai ƙwaron da harshensa ya kai wannan tsawo, ko da ba wanda ya gan shi. Ya rasu a 1882 ba a samo ƙwaron ba. A 1903 aka bayyana wani faɗa-wuta na Madagaska mai irin wannan harshe, sai a 1992 aka gan shi da ido yana sha daga furen. Shekara 130 tsakanin magana da tabbacinta. Ashe fure tamkar wasiƙa ce da aka rubuta sunan mai ita a baya. Wanda ya iya karatu zai san wa aka aika wa.

A nan ne labarin alula ya rabu da na furen Madagaska. An karanta wasiƙar, an gane irin wanda aka aika wa, amma ba a same shi a gida ba. Babu masanin da ya rubuta cewa ya ga ƙwaron a kan furen. Wasu na zaton wani koren faɗa-wuta ne na Kawa'i, wanda shi ma aka ɗauka ya ƙare kafin a sake ganinsa a 1998, amma zato ne. Wani bincike da ma'aikatan lambun nazarin tsirrai na tsibirin suka wallafa a 2019 ya nuna ruwan zaƙin da ƙamshin duk irin waɗanda faɗa-wuta ke bi ne. Sun zauna dare da rana suna gadin waɗanda aka sake dasawa, mai barbara bai zo ba. Sun kuma ga cewa da wuya tsiron ya yi ƴaƴa da garin kansa, sai da na wani.

Yaya aka kai ga haka? A 1778 Kyaftin James Cook ya sauke awaki a Ni'ihau, jiragen da suka biyo bayansa suka ƙaro wasu. Mu da muke kiwon akuya mun san ba dutsen da ya gagare ta, ba kuma ɗanyen ganyen da take jin kunya. Tsirran tsibiran ba su taɓa zama da dabba mai kiwo ba, don haka yawancinsu ba su da ƙaya ko dafin kare kai. Aladu da ɓeraye da baƙin ciyayi suka ƙara nasu. A 1947 aka yi wa alula ganin ƙarshe a Ni'ihau. A Kawa'i kuma manyan guguwa biyu, ta 1982 da ta 1992, suka kankare da yawa daga jikin dutse. Lokacin da gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a 1994, waɗanda aka ƙirga a daji ba su kai 70 ba. Irin wannan rashi kuwa kansa yake ciyarwa: in fure ya yi ƙaranci ƙwaro ba ya samun abin da zai riƙe shi a wurin, in ƙwaro ya yi ƙaranci iri ba ya zuba, sai kowane ya ja ɗan'uwansa ƙasa.

Sai ga wasu mutane sun yi abin da mai hankali zai iya kira wauta. Tun cikin shekarun 1970 wani masanin tsirrai, Steve Perlman, daga baya tare da abokin aikinsa Ken Wood, suka riƙa ɗaura igiya a ƙugu suna saukowa ta fuskar dutse, teku yana ruri a ƙarƙashinsu, da ɗan burushin fenti a hannu. Su shafo gari daga wannan fure, su lallaɓa zuwa wancan su shafa masa, bayan makonni su sake saukowa su tsinci iri. Mutum ya zama faɗa-wuta. Irin da suka kwaso ya tsira a lambu ba wahala. Aka rarraba shi ga lambunan bincike a ƙasashe da dama, masu sana'ar furanni a Holan suka yawaita shi suna sayarwa a tukwane, har ya zama kayan adon taga a gidajen Turai. A can kan dutse kuwa raguwa ta ci gaba, har ya saura ƙwaya ɗaya, shi ma bayan 2010 aka daina ganinsa. An tura ƙananan jirage marasa matuƙa masu kyamara sun bi tsagogin dutsen, ba su samo ko ɗaya ba. Yau ana lissafa alula cikin halittun da suka ƙare a daji, alhali dubbansa suna tsaye a tukwane.

To, ya tsira ko bai tsira ba? Mai ƙirga kawuna zai ce ya tsira, har da riba, tunda na yau sun ninka na 1994 sau da yawa. Ni kuwa ina ganin lissafin kawuna ya bar wani abu a baya. Tsawon maƙogwaron nan, da launin, da ƙamshin, babu ɗaya da yake da ma'ana in an cire baƙon da aka yi su dominsa. Sirdi ne da dokinsa ya mutu: kana iya gane faɗin bayan dokin daga siffar sirdin, kana iya shafa masa mai ya shekara ɗari bai lalace ba, amma ba za ka ce kana da abin hawa ba. Abin da ya fara mutuwa a Na Pali shi ne zirga-zirgar da ke tsakanin fure da fure. Ta mutu shiru, ba gawa, ba wari, tsirran suna tsaye kore shar. Shi ya sa ba wanda ya san ranar.

Na san akwai masu ja da wannan wahala tun daga tushe, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce: kowa ya zo duniya zai koma. Halittu nawa suka ƙare tun kafin a haifi kakannin kakanninmu? Wanda lokacinsa ya yi, barinsa ya tafi ya fi mutunci a kan a riƙe shi da igiya da burushi. Da alula ajalinsa ne ya zo masa daga cikin gida, da na saurari wannan magana da kunne biyu. Amma akuya ba iyo ta yi ta ƙetare teku ba, a jirgi aka kawo ta. A ƙauyukanmu, in akuya ta yi ɓarna a gonar wani, ba ita ake kai wa gaban mai gari ba, mai ita ake nema. Gaskiya ne wanda ya rataya a igiya ba shi ya sauke awakin ba, shekara kusan 200 ke tsakaninsu. Sai dai wanda ya ci gado shi ke biyan bashin mamaci, kuma kowa ya san bashi ake fara cirewa kafin a yi rabo. Duk mun gaji duniyar da jiragen nan suka haɗe, muna cin masararta da rogonta da barkononta, waɗanda su ma ƙetaro teku aka yi da su. Ba daidai ba ne mu karɓi ribar mu ce asarar ƙaddara ce.

Na biyu zai ce: ana ta kai, wa yake ta kaya? A ƙasar da damina ke yi wa manomi gardama, yara na kwana da yunwa, wane ne zai zauna yana jimamin furen da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi? Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, kuma ba zan ce wa kowa ya sayar da damin hatsinsa don wani fure a Hawayi ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, wa ya sani, wataƙila akwai maganin wata cuta a jikinsa. Ni ba na son wannan amsa. In darajar halitta tana rataye ne da amfanin da za ta yi mana, to ranar da ɗakin bincike ya ce an duba ba komai, an ba da izinin kashe ta ke nan. Kuma wanda ya saba auna tsiro da wannan mudu, wata rana da shi zai auna tsoho da gurgu da mahaukaci.

Barbara da hannu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Masu dabino a Ingal da Timiya da Bilma sun gaji hawa macen dabino da reshen furen namiji su saƙala mata, domin sun san in aka bar wa iska aikin, ƴaƴan ba za su cika ba. Wannan ciniki ne mai tsabta: ka hau, ka sha ƙaya, ka ci dabino. Wanda ya sauka dutse don alula ya yi irin wannan aiki, da haɗarin da ya fi na hawan dabino, ba tare da zai ɗanɗani komai ba. A ganina, a nan ake gane ko kulawar ɗan Adam tana iya wuce bakin cikinsa. Tausayi kuma ba hatsi ba ne da zai ƙare a rumbu don an ɗebi tiya ɗaya an ba wani. Ban taɓa ganin garin da ya rasa abin ba maraya saboda mutanensa sun cika tausayin itatuwa ba. Abin da na fi gani shi ne, inda aka saba sare komai ba tambaya, can ma rayuwar talaka ta fi araha.

Na uku ba ya ja da niyya, sakamakon yake tsoro, kuma shi ne ya fi kusa da gaskiya. Zai ce: wanda ya zama faɗa-wuta ba shi da ranar ajiye aiki. Ƙwaro ba ya jiran albashi, ba ya jiran majalisa ta amince da kasafi, ba ya tsufa ya bar wurin ba magaji. Mutum kuwa duk yana yi. Lambu na iya rufewa, kuɗi na iya yankewa, sha'awar masu saye na iya komawa kan wani fure. Ban da haka, dubban da ke cikin tukwane daga iyaye ƙalilan suka fito, auren gida ya yi musu yawa, irin da ke raunana zuriya. Har ta kai lambuna sun fara rubuta asalin kowane tsiro, wa ya haifi wa, kamar yadda gidajen namun daji ke yi wa dabbobinsu, suna musayar gari tsakaninsu don a haɗa waɗanda jininsu ya yi nisa. Duk wannan ɗawainiya ce da a da ƙwaro ɗaya ke yi cikin dare ba wanda ya sani.

Na yarda da shi a kan duk wannan. Inda muka rabu shi ne abin da ya kamata a ɗauka daga ciki. Shi yana ganin tunda aikin ba ya ƙarewa, gara ba a fara ba. Ni ina ganin aikin daidai ne, sunan da ake ba shi ne ke buƙatar gyara. Muna da kalmar da ta dace da shi: riƙon ƙwarya. In sarki ya rasu ba a naɗa wani ba, akan ba wani ya riƙe gari don kada ya watse. Mai riƙon ƙwarya yana da daraja, har yakan fi wanda za a naɗa wahala. Amma amanarsa tana da sharaɗi biyu: kada ya saki ƙwaryar ta fashe, kada kuma ya manta cewa ba tasa ba ce. Mai burushi ya cika sharaɗi na farko. Na biyun shi ne ya fi wuya, domin yabo yana da daɗi, kuma hoton fure a taga yana sa a ji kamar an gama. Ranar da aka ce an ceci alula aka tafa hannu, ranar ce za a daina neman hanyar mayar da shi inda zai haihu ba da hannun kowa ba. Masu aikin kansu sun fi kowa sanin haka, shi ya sa suke sake dasa shi a wurare irin su lambun Limahuli a arewacin Kawa'i, suna tsare shi daga awaki, suna sa ido ko wani mai dogon harshe zai karɓi aiken.

Mutanen tsibiran sun ga irin wannan a kan harshensu ma. Wata doka ta 1896 ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, harshen Hawayi ya yi ta ja da baya har ya koma bakin tsofaffi da mutanen Ni'ihau. Yana nan cikin ƙamus da tsofaffin jaridu, a adane kamar fure a tukunya. Abin da ya juya lamarin shi ne lokacin da aka fara buɗe makarantun ƙananan yara da ake magana da harshen zalla, ta farko a Kawa'i a 1984, aka haɗa bakin tsoho da kunnen yaro. Adanawa ta yi amfani, don ba don ita ba da ba a sami abin mayarwa ba. Amma sai da abin ya koma yana wucewa daga wani zuwa wani da kansa sannan aka iya cewa yana raye.

Yanzu bari mu dawo gida, domin mu ma muna zaune cikin ƴan aiken da ba mu san da su ba. Wa bai taɓa ɓare ɗan ɓaure ya ga ƙananan ƙwari a ciki ya hure su, ko ya jefar yana tsaki ba? Furannin ɓaure a cikin ɗan suke, a rufe. Wata ƴar mitsitsiyar ƙwaro dangin zanzaro ce ke kutsawa ta ƙaramar ƙofar da ke ƙarshensa, sau da yawa har fiffikenta ya karye, ta shiga da garin da ta ɗauko daga wani ɓauren, ta yi barbara, ta saka ƙwai, ta mutu a ciki. Ƴaƴanta mata su fito ɗauke da sabon gari su nufi wani itacen. Abin da muke gani aibin ɓaure, shi ne dalilin da ya sa akwai ɓaure.

Kuka kuma fa? Furenta fari ne babba, yana reto a dogon mariƙi, da yamma yake buɗewa, kafin wata yammar ya yanƙwane. Babban baƙonsa jemage ne mai cin ƴaƴan itace, wanda yara ke jifa, manya ke kora, ake sare itatuwan da yake kwana a kai. Abin da ke ba ni tsoro game da kuka shi ne tsawon ranta. Tana iya yin ɗaruruwan shekaru. In jemagu suka ƙaurace wa wani yanki bana, kukokin wurin za su ci gaba da tsayuwa, suna ba da ganyen miya da inuwa, suna fure kowace shekara, har jikokinmu su tsufa. Ba wanda zai ce an yi rashi, sai dai a riƙa cewa ƴaƴan kuka sun yi wuya. Tsawon rai yana iya ɓoye mutuwar zuriya. Mai karatu, in ka koma garinku ka ƙirga kukokin da ka sani, sannan ka ƙirga nawa ne a cikinsu ba su kai ka shekaru ba.

Haka abin yake a cikin dangi. Kusan kowane gida akwai wata gwaggo ko inna da ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, aikinta yawo. Ita ce ke zuwa suna a wannan gari, ta wuce gaisuwar rasuwa a wancan, ta kwana biyu nan, ta ɗauki labarin wannan ɗaki ta kai wancan, ta san ɗan wa ya isa aure da ƴar wa ta dace da shi. Wasu har tsegumi suke mata, suna cewa ƙafarta ba ta zama. Ranar da ta rasu ba a ga abin da ya ragu ba: kowa na nan, lambobin waya na nan, har an buɗe wa dangi zaure a WhatsApp. Sai bayan shekara goma a haɗu a wani biki a ga ƴaƴan wa da ƙane suna tambayar juna suna. In aka ƙirga kawuna dangin sun ƙaru. Abin da ke mayar da kawunan dangi shi ne ya tafi tare da tsohuwar.

Saboda haka matsayina a kan tambayar da na fara da ita shi ne: wanda ya karɓi aike daga hannun ɗan aiken da ya mutu ya yi abin da ya wajaba, musamman in da hannun ɗan Adam a cikin mutuwar, kuma bai kamata a tambaye shi ribar da za a samu ba. Amma kada shi ko mu mu kira abin ceto, riƙo ne, kuma riƙo yana da ranar mayarwa ko da ba a san ta ba. Wajibin da ya riga wannan, wanda ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ne a kula da ɗan aiken tun yana da rai. Barin itacen da jemagu ke kwana a kai bai kai wahalar rataya a igiya ba. Jinkirta feshin maganin ƙwari har fure ya wuce, ko yin sa da yamma bayan kudan zuma ya koma amya, bai kai tsadar buɗe littafin asalin kowane tsiro ba. Biyan kuɗin motar gwaggo ta je ta dawo bai kai zafin taron sulhu tsakanin ƴan'uwan da suka zama baƙin juna ba.

Mutanen Kawa'i ba su samu wannan dama ba, domin kafin a gane akwai ɗan aike, ya riga ya daina zuwa, ko sunansa ba a tabbatar ba. Mu namu suna nan tukuna, muna jin kukansu da dare a kan kuka, muna hure su daga cikin ɓaure, muna yi musu tsegumi a tsakar gida. Tun suna zuwa ya kamata mu san su.